Tsohon gidanmu na Anguwar Rogo nake son gyara wa fuska, ta ina zan fara?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen masu ilimin gini da duk wanda ya taɓa irin wannan aikin. Gidanmu ne na gado a Anguwar Rogo cikin garin Jos, marigayi Baba ya gina shi a 1978 lokacin yana aikin reluwe, kuma tun fentin da aka yi lokacin aurena shekara goma sha huɗu kenan ba a sake taɓa wajen gidan ba. Ciki alhamdulillah ba laifi, mun sa tayil mun gyara banɗaki, amma waje kam wallahi duk sanda na zo daga Abuja na tsaya a ƙofar gidan sai raina ya sosu. Fenti duk ya ɓare, gindin bango ya yi baƙi da gansakuka, kwano ya yi tsatsa ja wur, gilasan luba rabi sun fashe an toshe da kwali, get ɗin ma sai an ciccibe shi kafin ya rufu. Ga bikin autarmu an sa ƙarshen Disamba kuma dangin miji daga Bauchi za su zo.

Abin da na iya tarawa miliyan biyu da rabi ne. Ƙanina yana so a yi irin na Abuja, a ɗaga bango a yi farafet a ɓoye kwano, a manna tayil a fuskar gidan gaba ɗaya, a fasa dakali a ja doguwar katanga. Hajiya mahaifiyarmu kuma ta ce mu yi duk abin da za mu yi amma kar a taɓa mata dakali da bishiyar fiya da Baba ya shuka. Ni dai na rasa inda zan kama.

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sanya alheri a bikin. Ni a ganina kuɗin nan in ka ce farafet za ka yi to ya ƙare a sama tun ba a sauko ƙasa ba.

Injiniya:
Amin. Baban Khalifa kafin kowa ya ce maka ga kalar da za ka sa, amsa min waɗannan. Bangon bulo ne ko tubali aka shafe da siminti? Baƙin nan na gindin bango ya kai ina, gwiwa ko ƙugu? Akwai wani farin gari kamar kanwa da ke fitowa a jikinsa? Ruwan kwano ina yake zuba in ana ruwa? Sannan ƙasar waje da daɓen ɗaki wanne ya fi tudu?

Baban Khalifa:
Injiniya gaban gidan dutse ne daga ƙasa zuwa ƙugu, irin dutsen nan namu da aka fasa aka jera, sama kuma bulo. Ɗakunan baya ne na tubali. Dutsen ma an bi shi da fenti tun da daɗewa. Baƙin a gefen gidan yake inda babu dutse, ya kai gwiwa, kuma eh farin garin nan yana fitowa, Hajiya kullum sai ta share shi. Ruwan kwano a gindin bango yake sauka kai tsaye. Maganar tudu sai na je na duba.

Injiniya:
To ka ga inda matsalar take. Ba fenti ne ciwon gidanku ba, ruwa ne. Jos ba Kano ba ce, muna kan tudu kusan mita 1,200 kuma ruwa muke sha tun daga Afrilu har Oktoba, a Yuli da Agusta bango sai ya yi kwanaki bai ga rana ba. Ruwan da ke sauka daga kwano ya daki ƙasa ya fantsamo jikin bango, wanda ya kwanta a gindi kuma bulo ya tsotse shi ya hau da shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, in ya bushe sai ya bar gishirin da ya ɗauko daga ƙasa, shi ne farin garin da Hajiya take sharewa, kuma shi ke tura fenti ya kumbura ya ɓare. Gidajen wancan lokacin da yawa ba a sa musu leda ko kwalta a kan fandisho don tare danshi ba. Ƙari kuma a unguwanninmu titi da lungu sun yi ta hawa saboda ciko shekara da shekaru, sai ka tarar gidan da a da ake hawa matakala a shiga yanzu ya dawo daidai da hanya.

In ka zuba fenti mafi tsada a duniya a kan wannan bangon, damina ɗaya zai yi. Jerin aikin shi ne kwano tukuna, sai hanyar ruwa, sai filasta, sai ƙarafa da tagogi, fenti shi ne na ƙarshe.

Maman Ilham:
Wallahi Injiniya ya faɗi gaskiya, mu ya faru da mu a Rikkos. Mun yi sauri saboda Sallah, aka yi filasta ranar Litinin aka yi fenti Alhamis, gida ya fito gwanin sha'awa kowa na tambayar wa ya yi mana, ai ruwa na sauka ko wata uku ba a yi ba ya fara tashi kamar ƙuraje, ka sa yatsa ka ɓare shi kamar ɓawon albasa. Kuɗin nan har yau in na tuna sai na ji ciwo don adashena ne na ɗauka gaba ɗaya na zuba.

Oga Mai Fenti:
Hajiya Allah ya mayar da alheri. Amma ku riƙa yi mana adalci, in fenti ya ɓare sai a ce mai fenti ne, alhali mai gida ne ya ce lallai a gama kafin Juma'a. Sabuwar filasta tana son sati uku zuwa huɗu ta bushe kafin a sa mata fenti, siminti yana da kaifi kuma yana riƙe da ruwa a cikinsa, in ka rufe shi da wuri sai ya ci fentin daga ciki. Ni shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, duk aikin da aka ba ni lokaci ban taɓa komawa gyara ba.

Alhaji wata dabara mai sauƙi, ka samu farar leda ka manna ta a bangon da salatif ta ko'ina kar iska ta shiga, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga gumi a cikinta to bangon bai shirya ba. Sannan ka bi filastar da bayan guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali, duk inda ya yi amo kamar ganga to ta rabu da bulo, a fasa wurin a sake.

Abba Dilimi:
Ni fa ban yarda da ku duka ba. Zamani ya canza, ku je Rayfield ku ga gidajen da ake yi yanzu, duk farafet ne ba ka ganin kwano. Mutum zai kashe miliyoyi kuma gida ya fito kamar na 1978? Ai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Tayil a bango kuma shi ne maganin fenti gaba ɗaya, in ya yi datti ka wanke da ruwa shikenan. Ni ina bayan ƙaninka.

Injiniya:
Abba na ji ka, kuma farafet ba haramun ba ne, ni ma ina zana shi. Amma gidan da aka tsara da shi tun daga fandisho daban, tsohon gida da za a ɗora masa daban. Na farko nauyi ne za ka ƙara wa bangon da ba a yi shi don haka ba, a baya ma tubali ne. Na biyu duk ruwan kwanon zai taru a kwata ɗaya ta kankare a bayan farafet, in ganyen fiya ya toshe ta ko ƙanƙara ta sauka ta cika ta, kuma kowa ya san yadda ƙanƙara ke zuba a garin nan, ruwan ba shi da wajen zuwa sai cikin silin. Na uku ka cire wa bango hularsa, don leɓen kwanon nan da ya fito waje shi ne ke kare bango daga ruwa. Ka lura da gidajen farafet bayan damina biyu, za ka ga baƙin layi-layi yana gangarowa daga sama.

Tayil kuma a bango mai danshi rufe ciwo ne da tsumma. Ruwan ba zai fita ta waje ba sai ya fita ta cikin ɗaki, bayan gado da bayan wadrob, daga baya tayil ɗin ya fara faɗowa ɗaya-ɗaya a inda yara ke wasa.

Abba Dilimi:
To amma Injiniya ai akwai masu yi kuma bai yoyo.

Injiniya:
Akwai, da kuɗi mai yawa da ma'aikaci na ƙwarai da mai hawa yana sharewa duk wata. Hajiya ce a gidan, shi yana Abuja.

Hajiyar Bukuru:
Ɗana Baban Khalifa, ni abin da ya tsaya min a rai dutsen nan ne da ka ce an shafe da fenti. Kar ka bari a manna masa komai. Mu da muka tashi a Bukuru cikin gidajen zamanin kuza mun san darajarsa, gidajen da aka yi da dutsen nan har yau suna tsaye, kuma yanzu masu kuɗi saye suke yi a yanka musu a manna a bango don a ce gidan dutse ne, kai kuma mahaifinka ya bar maka na gaske. A kankare fentin da burushin ƙarfe a wanke shi, a bi tsakanin duwatsun da sabon siminti a tsanake, za ka ga yadda gidan zai yi kwarjini. Shi ne abin da babu a gidajen Abuja.

Dakali kuma ka bi maganar mahaifiyarka. Ba siminti take karewa ba, a nan mahaifinku yake zama bayan la'asar, a nan aka karɓi gaisuwarsa na tabbata, kuma a nan maza za su zauna ranar ɗaurin auren. In ya tsage a gyara shi a yi masa sabon daɓe.

Baban Khalifa:
Hajiya wallahi kamar kina wurin. A kan dakalin nan aka yi zaman makokinsa kwana uku. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Kafinta Katako:
Alhaji maganar kwano, kar ka yanke hukunci daga ƙasa, a hau a duba. Ni a aikina na sha sauke kwanon da ya haura shekara arba'in na tarar ya fi wani sabon kauri. In tsatsar a sama take bai huje ba, a goge da burushin ƙarfe, a sa jan fentin nan na maganin tsatsa, a bi da fentin kwano hannu biyu, a canza ƙusoshin da suka saki da 'yan fallayen da suka mutu. Abin da ya fi ba ni tsoro katakon ciki ne, gara da ruɓewa, musamman fesha bod, wato katakon da ke bin leɓen kwano, da bakin rafta inda ruwa ke taɓawa. Kuma iskar farkon damina a nan ba ta wasa, kwanon da katakonsa ya ruɓe ita ke yaye shi.

In kuma dole sai an canza, to gaban gidan kaɗai za ka iya yi da dogon kwano na alminiyom, amma kar ka sayi mai kauri ƙasa da milimita 0.45, in da hali 0.55, kuma ka je da wanda zai auna maka kaurin a gabanka don abin da ake faɗa da baki ba kullum ne ake lodawa a mota ba. Mai siriri ƙanƙara ɗaya za ta lotsa shi. Katako in za ka saya a kasuwar Katako ka zaɓi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga ba.

Maman Ilham:
Ƙarin abu ɗaya dan Allah saboda yara. Tsohon fentin mai da ke jikin tagogi da ƙofofi da get, na da ɗin nan, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. In za a kankare a jiƙa shi tukuna kar a goge shi a bushe ƙura ta tashi, a shimfiɗa leda a tattare ɓawon a zubar nesa, yara da masu ciki su bar wajen. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, can ta hanyar haƙar zinare ne amma gubar ɗaya ce. Haka silin ɗin baranda in na asbestos ne kar a fasa shi da guduma ko a yanka, ƙurarsa tana lalata huhu.

Malam Na Masallaci:
Assalamu alaikum. Duk shawarwarin nan masu kyau ne, amma akwai wadda ta riga su. Ka ce gidan gado ne. An raba ko ba a raba ba? In ba a raba ba to ba naka ba ne kai kaɗai, ba na ƙaninka ba ne, akwai haƙƙin mahaifiyarku da 'yan uwanka mata a kowane bulo. Ka tara su ka faɗa musu abin da za ka yi, kuma ka bayyana kuɗin nan kyauta ka yi wa gida ko bashi ne da za a cire maka ranar rabo, a rubuta kowa ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na zauna sulhu da yawa da asalinsu gyaran gida ne da aka yi da kyakkyawar niyya ba a rubuta ba, bayan shekara goma 'ya'ya suka taso kowa da lissafinsa.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri Malam, ba a raba ba. Niyyata kyauta ce saboda Allah da Hajiya, amma zan rubuta kamar yadda ka ce.

Abba Dilimi:
To na sallama farafet, amma katanga fa? Kowa a nan ya san rikice-rikicen da garin nan ya gani a 2001 da 2008 da 2010, ba sai na faɗa ba. Tsohuwa a gida, ƙofa a bakin hanya, ni hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Gangare:
Abba damuwarka gaskiya ce ba wanda zai raina ta. Amma a irin unguwanninmu abin da ke tsare gida idon maƙwabta ne. Hajiya in ta yi tari da dare na kusa da ita ya ji, in baƙo ya tsaya a ƙofa masu zama a dakali sun gan shi. Ka ja katanga mai tsayin mutum biyu ka rufe ta a ciki, ko faɗuwa ta yi ba mai sani. Kuma lungunan Anguwar Rogo ina filin yake? In ka ci hanya ko ka hau kan kwata ka jawo rigima da maƙwabta, sannan sabon gini irin wannan sai da izinin JMDB, hukumar kula da tsarin gine-gine ta birnin Jos. Ni da za a ji tawa a gyara get ɗin ya riƙa rufuwa da kyau, a sa bogilari mai ƙarfi a tagogi, a sa fitilar sola guda biyu a gaban gida mai kunna kanta da magariba. Hasken nan kaɗai yana canza fuskar gida.

Abba Dilimi:
Fitilar kam na yarda. A sa ta sama inda hannu ba ya kai.

Oga Mai Fenti:
Maganar kala tunda ba wanda ya taɓo ta. Alhaji kar ka sa fari fat, jar ƙasarmu da ƙurar hunturu ba sa barinsa. Ruwan madara ko ƙasa-ƙasa mai haske a sama, sai a ja bel mai duhu a gindi kamar ƙafa biyu zuwa uku a gefen da babu dutse, ruwan toka ko kalar dutsen gaban don su dace. Kala biyu sun isa, ta uku a fesha bod da get da ƙarafan taga kawai. Ka tabbatar a jikin bokitin an rubuta na waje ne, don fentin ruwa na cikin ɗaki in aka sa shi a waje wankewa yake. Tekskot, fentin nan mai kaushi, yana ɓoye tabon tsohuwar filasta amma yana riƙe ƙura da gansakuka a ƙurajensa, gefen da ba ya samun rana ni ba na sa shi. Kafin ka sayi bokiti biyar sayi ƙaramin galan a shafa a bango ka kalle shi da safe da yamma, kala a kati daban a bango daban. Kuma ka sayi kayanka da kanka, a buɗe a gabanka, ka yi jinga da mai aiki a kan aikin hannu kaɗai.

Gansakuka kuma ba a fenti a kanta, a wanke da ruwan bilic da burushi a ɗauraye a bari ya bushe.

Injiniya:
Ga lissafin lokaci. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba ka fara da kwano, a sa gota a leɓensa da bututu ya sauke ruwan cikin kwata ko tanki. A kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango ta koma ƙasa da daɓen ɗaki, a zuba kankare zagaye da gidan faɗin kamar ƙafa biyu zuwa uku mai gangara zuwa waje. A fasa ruɓaɓɓiyar filasta har a wuce inda danshin ya tsaya da kamar ƙafa ɗaya, a bar bulon ya sha iska, a sake da yashi mai tsabta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin. Ɓangaren tubali a buga ragar waya kafin a shafa in ba haka ba siminti ba ya kama ƙasa. Duk wannan ya ƙare kafin tsakiyar Nuwamba. Iskar hunturu tana busar da filasta da wuri ta tsattsage, don haka a riƙa ba ta ruwa safe da yamma har sati ɗaya. Fenti sai tsakiyar Disamba, kuma a fara bayan hantsi in raɓa ta bushe. Tsagar da ka gani a bango in siririya ce kamar gashi ta filasta ce, in kuma ta taso a karkace daga kusurwar taga har tsabar kuɗi na shiga, kira ni ko wani ya gani da ido kafin a toshe.

Fiyar nan taku nawa ce daga bango?

Baban Khalifa:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da shiruna, na shigo Jos ran Juma'a na yi kwana biyu a kan abin nan. Injiniya ƙasar lungu ta fi daɓen ɗakin Hajiya tudu da kusan taƙi ɗaya, ban taɓa lura ba sai yanzu. Ledar Oga Mai Fenti kuma da na ɗaga jiƙe sharkaf. Fiya taku bakwai ce daga bango, reshe biyu ne suka hau kan kwano za a sare su kawai. Kafinta ya hau, ya ce fallaye tara ne suka huje, sauran lafiya, amma fesha bod ɗin gaba duk ya ruɓe.

Mun zauna da Hajiya da 'yan uwana duka har wadda ke aure a Kaduna ta waya, na rubuta takarda kowa ya yarda. Ƙanina da farko bai ji daɗi ba, sai na ba shi burushin ƙarfe muka kankare dutsen wajen faɗin tabarma muka watsa masa ruwa, ya daɗe a tsaye yana kallo, yanzu shi ne ya ce zai tsaya a kan aikin tunda ni ba na gari, kuma ya ɗauki nauyin fitilun sola. Tagogin gaba guda uku za mu canza zuwa na alminiyom, na gefe a sa musu sabbin gilasan luba, sauran sai wata shekara in Allah ya kai mu.

Hajiyar Bukuru:
Alhamdulillah. Ka gaida min Hajiya. In an gama ka samo fulawa a wajen masu sayarwa a bakin titi ka sa a tukwane biyu gefen dakali, a tukunya fa ba a gindin bango ba kar ban ruwa ya dawo muku da danshin.

Kafinta Katako:
Fallaye taran nan a cire na baya masu kyau a dawo da su gaba, sabbin a kai baya, in an yi fenti duk gaban zai zama iri ɗaya.

Baban Khalifa:
Haka za a yi insha Allah. Hajiya ta zaɓi ruwan madara, ta ce shi ne kalar gidan ranar da ta tare. Oga Mai Fenti zan neme ka ta akwatin saƙonka in filasta ta yi sati uku ka zo ka sake gwada ledar kafin mu sayi fenti.